Ƙauyen Da Tsumma Ya Yi Wa Suna

Yau a filin namu tafiya za mu yi, mai nisa kuwa, har ƙasar Amurka. Amma ku cire manyan birane irin su New York daga zuciyarku. Wani ɗan ƙauye za mu, wanda a ƙidayar 2010 mutum 275 kaɗai aka samu cikinsa, hanyar mota guda ɗaya tak ke shigarsa, amma aikin allurar matansa yana rataye a manyan gidajen nune-nune, har gwamnatin ƙasarsu ta buga hotonsa a jikin kan sarki. Sunan ƙauyen Gee's Bend, a kan faɗe shi Jiz Bend. Abin da ya yi masa suna kuwa shi ne bargon da matan ke haɗawa da tsumma, irin tsumman nan da ki ke da ƙunshinsa a ƙasan akwati kina shawarar ko ki yi goge-goge da shi ko ki kai shi bola.

Inda ƙauyen ya ke

Ku 'yan makaranta ku ɗauko taswirar Amurka, ku duba can kudu maso gabas, za ku ga jihar Alabama. Babban birninta Montgomery. Akwai kogi mai sunan jihar wanda ya bi ta Montgomery, ya wuce ta wani gari wai shi Selma, sa'an nan ya nufi kudu wajen teku. To, kamar mil 30 kudu maso yamma da Selma, sai kogin nan ya yi wata irin lanƙwasa, ya zagayo kamar munduwar da bakinta bai haɗu ba. Ƙasar da ke cikin munduwar nan, mai faɗin kamar mil 5, ita ce Gee's Bend, watau lanƙwasar Gee. Ruwa ya kewaye ta gabas, da kudu, da yamma. Ta arewa kaɗai a ke shiga da ƙafa ko da mota.

In kin biyo hanyar arewan nan, za ki yi ta wuce dogayen itatuwa da makiyayar shanu, gida ɗaya nan, ɗaya can. Da kin fara ganin ƙananan coci-coci da gidaje a warwatse, to, kin iso. Kada ki nemi kasuwa ko manyan kantuna, babu su. A takardun gidan waya ma ba za ki ga sunan Gee's Bend ba, Boykin za ki gani, sunan wani ɗan majalisa farar fata da aka laƙaba wa ƙauyen a 1949. Su dai mutanen wurin sunan da suka gada su ke kira.

A ƙetaren kogi akwai Camden, hedkwatar gundumar Wilcox, inda kotu da kantuna da ofisoshin hukuma su ke. Ta jirgin fito 'yar tafiya ce ta mintoci. Ta hanyar mota kuwa sai an zagaya kusan mil 40. Ki riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

Yadda mutanen suka zo

Mutanen Gee's Bend baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. A 1816 wani mutum mai suna Joseph Gee ya taso daga jihar North Carolina da bayinsa, ya kafa gandun auduga a nan. A 1845 gandun da bayin suka koma hannun wani danginsu, Mark Pettway. Da shekara ta kewayo shi kuma ya koro bayi fiye da 100 daga North Carolina zuwa nan, tafiyar ɗaruruwan mil, a ƙasa.

A zamanin nan bawa sunan ubangijinsa a ke laƙaba masa. Shi ya sa in kin shiga ƙauyen yau kika tambayi gidan Pettway, sai a ce miki wanne, domin gidaje da yawa sunan ke nan, alhali ba duka jini ya haɗa su ba.

An 'yanta bayin Amurka a 1865, amma yawancin mutanen Gee's Bend ba su je ko'ina ba. Suka zauna suna noman gonakin nan haya. Mai ƙasa farar fata ne, mai ba da bashin iri da abinci shi ma farar fata ne. In kaka ta yi aka auna auduga, aka cire haya aka cire bashi, abin da ya rage wa manomi bai taka kara ya karya ba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, kogi ya tsare su, ba mai shiga ba mai fita sai da dalili.

Sanyi ne ya koya musu

Kada ku ji an ce kudancin Amurka ku zaci babu sanyi. Da damina akwai zafi da gumi, amma daga Disamba zuwa Fabrairu dare ya kan yi sanyin da ruwa ke daskarewa. Ɗakunan mutanen nan a da na gungumen itace ne, iska na shiga ta kowace kafa. Wani mai ɗaukar hoto na gwamnati, Arthur Rothstein, ya je can a 1937, hotunansa suna nan har yanzu. A ciki za ki ga bangon ɗaki an lilliƙe shi da tsofaffin jaridu don tare iska. Iyali mai 'ya'ya goma, ba kuɗin sayen bargon kanti, me uwa za ta yi? Sai ta duba abin da ke hannunta: wandon aikin miji da ya mutu, rigar yaro da ta yi masa kaɗan, buhun gari, buhun takin zamani.

Bargon nan hawa uku gare shi. Akwai fuska, watau ƙyallayen da aka harhaɗa. Akwai ciki, watau auduga, wadda su kan samo daga ragowar gona ko ta gidan gurza, su bubbuge ta da sanda har datti ya fita ta yi laushi, kamar yadda kakanninmu ke shiɓa. Akwai kuma baya, wanda galibi buhuna ne da aka farke aka wanke. Sa'an nan a bi duka ukun da ɗinki layi-layi, allura na ratsawa daga sama har ƙasa, don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya.

Haɗa fuska aikin mace ɗaya ne. Ta kan yi shi da dare bayan an komo daga gona, ko da hunturu sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Amma ɗinkin da ke kama hawa ukun, wannan na gayya ne. A kan ɗaure bargon a jikin katako huɗu ya miƙe sosai, mata su kewaye shi, kowace da allurarta, suna hira, suna rera waƙoƙin cocinsu. Yau a gama na wannan gida, gobe a koma na wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yara mata kuwa suna gefe suna zura zare a allura, da haka su ke koyo. Loretta Pettway, ɗaya daga cikin gwanayen ƙauyen, tana da shekara 11 ta haɗa bargonta na fari.

Zanen da ba na littafi ba

Haɗa bargo da ƙyallaye ba a Gee's Bend aka fara shi ba. Matan Amurka, farare da baƙaƙe, da na Ingila, sun daɗe suna yi, har akwai littattafai masu nuna yadda a ke yanka kowane ƙyalle daidai wa daida. Abin da ya bambanta matan Gee's Bend shi ne ba su cika bin littafi ba. Mace ta kan fara da zanen da ta koya wurin uwarta, in ta yi nisa sai ta karkata shi yadda ranta ya so.

Zanen da suka fi so suna kiransa Rufin Ɗaki. A kan fara da ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu a tsakiya, a kewaye shi da dogayen ƙyallaye, a sake kewayewa, a yi ta yi har ya kai girman gado. In kin dube shi sai ki ga kamar kina kwance kina kallon jeren azara. Akwai wani da su ke kira Mai Jera Tubali, wanda ke hawa kamar matakala ta fuska huɗu. Akwai kuma na dogayen tsaga kawai, a jere daga sama har ƙasa. Waɗansu masana sun ce wannan ya yi kama da saƙar Afirka ta Yamma, inda a ke saƙa ƙwarya siririya a haɗa, irin yadda a ke haɗa luru. Waɗansu kuwa suka ce ai ƙafar wando in an farke ta doguwa ce, mace kuwa ba ta son asarar ko inci ɗaya, shi ya kawo tsagar.

Ga wani abin da zai burge ki. Wandon aiki shuɗi mai kauri, in ya sha rana da wanki ya kan koɗe, amma in aka cire aljihu sai a tarar wurin da ya rufe yana nan da shuɗinsa na asali. Matan nan ba su ɓoye wannan tabo, ado su ke yi da shi. Haka gwiwar da ta sha durƙuso a gonar auduga, da mahon da aka yi mata, duka su kan bar su a fuskar bargo.

A 1942 wata mata mai suna Missouri Pettway, bayan mijinta Nathaniel ya rasu, ta tattara tufafin aikinsa, 'yarta Arlonzia ta taya ta farkewa, ta haɗa bargo da su don ta riƙa rufa tana tunawa da shi. Bargon yana nan, an nuna shi a manyan birane, da tabon ƙasar gona a jikinsa.

Shekarar da aka kwashe kome

Wajen 1931 farashin auduga ya faɗi ƙasa warwas, har laba ɗaya ta komo kamar santi 5 ko 6. Akwai wani attajiri a Camden mai ba mutanen Gee's Bend bashi. Ya rasu a 1932, magadansa suka ce a biya su nan take. Suka aiko mutane da kekunan doki, suka bi gida fiye da 60 suna kwasa: alfadarai, shanu, kaji, garma, fartanya, masara, dankali, har irin shuka. Hunturun nan da ƙungiyar agaji ta Red Cross ba ta kawo gari da abinci ba, da yunwa ta yi ɓarna.

Labarin wahalar nan ya kai kunnen gwamnatin tarayya ta Shugaba Roosevelt. A 1937 ta sayi ƙasar daga hannun masu ita, ta gina gidajen katako masu kyau, da makaranta, da ɗakin shan magani, daga baya ta sayar wa manoman gonakin bashi, suna biya sannu-sannu. Waɗansu gidajen suna nan tsaye, har yanzu gidajen Roosevelt a ke ce musu. Wannan abu ya taimaki sana'ar da mu ke magana a kai ƙwarai. A waɗansu wurare na kudu baƙar fata masu noman haya sun watse sun nufi biranen arewa, ko an kore su. A nan kuwa da ya ke ƙasar ta zama tasu, iyalai da yawa suka zauna, kaka da uwa da jika a unguwa ɗaya, allura na wucewa daga hannu zuwa hannu ba ta yanke ba.

Jirgin fito da ƙuri'a

Yanzu mu komo kan kogi. A farkon shekarun 1960 baƙar fatan kudancin Amurka suka tashi neman 'yancin jefa ƙuri'a, wanda dokokin jihohinsu suka toshe musu ta hanyoyi iri-iri. Mutanen Gee's Bend suka riƙa hawa jirgin fito zuwa Camden don a rubuta sunansu. A 1962 sai hukuma ta tsai da jirgin. Mutanen ƙauyen ba su yi shakkar dalili ba. Daga ran nan mai son ganin likita, ko kanti, ko kotu, sai ya zagaya mil 40, ga shi kuwa masu mota kaɗan ne.

A Fabrairun 1965 Martin Luther King ya zo ƙauyen da dare, ya yi wa mutane jawabi a cocin Pleasant Grove. Mata da yawa daga cikin masu ɗinkin nan suka bi shi zanga-zanga, waɗansu har aka tsare su. A Agustan shekarar aka sa hannu kan dokar da ta tabbatar musu da ƙuri'a. Da aka kashe King a 1968, alfadarai biyu da suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a birnin Atlanta daga Gee's Bend aka kawo su. Jirgin fito kuwa bai komo ba sai 2006, bayan shekara 44. A 2019 aka mai da shi mai tafiya da lantarki.

A cikin wannan hali ne bargo ya fara kawo kuɗi. A Disamban 1965 wani limamin coci, Francis Walter, yana yawo a gundumar sai ya hangi barguna a kan igiyar shanya, suka ɗauke masa hankali. Ya riƙa saye dala 10 kowane ɗaya, ana kai su New York ana gwanjonsu, ribar na komowa ga matan. A Maris 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, mazauninta a Rehoboth, kan hanyar shiga Gee's Bend, Estelle Witherspoon ce manajarta. Da kuɗin ɗinki mata suka sa famfo da injin wanki a gidajensu, suka tura 'ya'ya makaranta.

Amma kantuna ba su son bargon da ya karkace, sai mai awo ɗaya da zane ɗaya. Saboda haka mace ta kan yi na kanti da rana yadda aka ce, in ta komo gida ta yi nata yadda ta ga dama. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangilar ɗinka rigunan matashin kai daga kamfanin Sears, da wani yadi mai kauri mai tudu-tudu kamar kunyoyin gona. Ragowar yadin nan, ja da kore da ruwan zinariya, matan suka riƙa kwasowa gida, daga cikinsa kuwa aka sami waɗansu barguna mafiya kyau da ƙauyen ya taɓa yi.

Kaza a kan dami

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoton wata mata, Annie Mae Young, tsaye kusa da bargonta da aka shimfiɗa a kan tarin itacen wuta. Ya yi ta cigiya har ya sami gidanta. Ashe 'yan kwanaki kafin zuwansa ta ƙone waɗansu tsofaffin barguna, domin hayaƙin auduga yana korar sauro. Da ta binciko wanda ya ke nema, cewa ta yi ya ɗauka kyauta. Shi ya ƙi, ya biya ta dubban daloli a kansa da waɗansu. Kun ji rashin sani, wanda ya sa kaza ta kwana a kan dami.

A 2002 aka nuna barguna kamar 70 na ƙauyen a gidan nune-nunen zane na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York. Aka rataye su a bango kamar zanen manyan masu fasaha, wani mai sharhi na jaridar New York Times ya sa su cikin mafi kyawun fasahar zamani da Amurka ta fitar. Tsofaffin matan suka hau bas suka je, suka ga abin da 'ya'yansu suka yi ta fitsari a kai, an hana kowa taɓawa. A 2006 gidan waya ya buga kan sarki iri 10 da hotunan bargunan. A 2015 gwamnati ta ba uku daga cikin matan, Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway, babbar lambar girma ta masu sana'ar gargajiya.

To, amma suna ba shi ne kuɗi ba. Hotunan bargunan sun hau kan darduma da katuna da sauran kayan sayarwa. A 2007 waɗansu daga cikin matan, har da Annie Mae Young, suka kai ƙara kotu suna cewa ba a ba su haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Waɗansu matan kuwa suka tsaya bayan iyalin Arnett, suka ce ba domin su ba da duniya ba ta san ƙauyen ba. A 2008 aka rufe shari'ar. Ko wa ke da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili: baƙo ya riga mai kaya sanin darajar kayan, kuma ba a zauna tun farko an rubuta wa ke da me ba.

Matan sun ɗauki darasi. Tun 2003 suka kafa ƙungiyarsu ta masu ɗinki, mai sayar da aikinsu. Daga 2021 waɗansunsu suka buɗe shaguna a kasuwar intanet ta Etsy, kowace da sunanta, ita ke yanka kuɗin kayanta. Duk da haka gundumar Wilcox tana cikin mafiya talauci a Amurka, samari da 'yan mata da yawa sun tafi birane neman aiki. In kin je yau, tsofaffi za ki fi gani, da 'ya'ya da jikokin da suka tsaya suna riƙe da sana'ar.

Ke ma ki gwada

Gani ya kori ji, yi kuma ya kori gani. Ga yadda za ki haɗa ɗan ƙaramin Rufin Ɗaki mai yadi ɗaya kowane gefe, na shimfiɗar zaman yaro.

Da fari ki tara ƙyallayen auduga, na gida ko ragowar wurin tela. Ki wanke su duka ki goge, domin sabon yadi ya kan tsuke in ya sha ruwa, wani kuma ya kan zuba. Wanda ya ruɓe har yatsa na huda shi, ki ajiye shi gefe. Kada kuma ki haɗa mai nauyi ƙwarai da marar nauyi, mai nauyin zai yage ɗan'uwansa. Ki raba su kashi biyu, masu duhu da masu haske.

Ki yanka na tsakiya inci shida da rabi kowane gefe. Sauran ki yanka su dogaye, faɗin inci uku da rabi. Rabin incin nan na ɗinki ne, watau rubu'in inci ta kowane gefe. Ki ɗinka tsaga ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ki datse abin da ya yi saura, sa'an nan ɗaya dama, ɗaya hagu. Kin yi zagaye ɗaya ke nan. In na farko mai duhu ne, na biyu ya zama mai haske. In tsaga ta gaza, ki ƙara mata wani ƙyalle ko da launinsu bai zo ɗaya ba, nan ne ma kyan ya ke. Kowane zagaye ki kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga wajen ƙyalle mai duhu. 'Yan makaranta ku yi lissafi: kowane zagaye yana ƙara inci 6, zagaye 5 ya ba da inci 30, a tara da 6 na tsakiya, 36 ke nan, yadi ɗaya cif, ban da ɗan bakin da a ke kalmasawa.

Sai ki shimfiɗa baya a ƙasa, fuskarsa na kallon tabarma, ya ɗara fuskar bargon da inci 2 ta kowane gefe. Ki ɗora ciki, ko auduga shiɓaɓɓiya ko tsohon bargo marar nauyi, sa'an nan fuska. Ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi. Ki fara ɗinkin gaske daga tsakiya kina yin waje, don kada ya tattare. In auduga ce a ciki, kada tsakanin layi da layi ya wuce inci 2. In tsohon bargo ne, inci 4 ma ya isa. In kin gama ki zare na wucin gadin, ki naɗo bakin bayan bisa fuska, ki kalmasa. Mai keke ta haɗa fuska da keke, marar keke allura ta ishe ta. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura abu biyu, su ne kuwa na fi so ku riƙe daga wannan tafiya. Na ɗaya, kafin ki ce kin gama, ki ɗinka sunanki da shekara a kusurwar baya da zare mai launi. Barguna da yawa na matan da suna ajiye a gidajen tarihi an rubuta a ƙarƙashinsu ba a san mai su ba. Na Gee's Bend da aka san masu su, domin 'ya'ya da jikoki na nan ne suka faɗa. Na biyu, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta kuɗin zare da na yadi, da sa'o'in da kika ci a kan kowane aiki, ko bargo ne, ko hula, ko kwalliyar zanen gado. Ran da wani ya ce ki sayar masa, ki buɗe littafin kafin ki buɗe baki. In kyauta za ki yi, ki yi kina sane da abin da kika bayar. In kuwa ku da yawa ne kuka haɗa kai kuna sayarwa, ku rubuta sharaɗinku a takarda tun ranar fari, kowace ta sa hannu.

Wadda ta gwada ta rubuto mana ta gaya mana zagaye nawa ta kai, da irin ƙyallayen da ta sa. Sai mako mai zuwa.